An Saki Bidiyonki Ko Ana Miki Barazana Da Shi? Ga Abin Yi, Ga Kuma Inda Doka Ke Kama Mai Turawa

Yarda a ɗauki bidiyon tsiraici daban, yarda a yaɗa shi daban, kuma wannan ne mutanenmu da yawa a Abujan nan har yanzu ba su gane ba. Ko da macen ce da hannunta ta ɗauka ta tura wa mijinta ko saurayinta, ranar da ya danna ya tura wa wani ba da yardarta ba to shi ne ya taka doka, haka wanda ya karɓa ya jefa a guruf, haka wanda ya roƙa aka turo masa ta gefe shi ma ya miƙa gaba yana cewa "innalillahi ku ga abin da duniya ta zama". Salatin da ka rubuta a ƙasan bidiyon ba zai cire ka ba malam, kai ma turawa ka yi.

Zan fi yin magana da mace a nan don su abin ya fi ci, amma samari ma yanzu ana kama su da wannan tarko sosai, duk abin da na faɗa ya shafe su.

Abu na farko, kuma wallahi shi ne ya fi wahala a lokacin da jiki ke rawa: kar ki goge komai. Na san abin da zuciya ke cewa shi ne a share hirar, a yi bulokin ɗinsa, a cire layin a karya, a ma canza wayar gaba ɗaya, to duk wanda ya yi haka ya wanke wa mai laifi hannu ne ba tare da ya sani ba. Kafin bulokin sai an tara hujja. Ki yi sikirinshot na saƙonnin yadda lambarsa za ta fito a sama, lambar kanta ba sunan da kika yi masa sabin da shi ba, da kwanan wata da lokaci. Idan muryarsa ya turo yana barazana ki ajiye ta, idan a Facebook ne ko TikTok ko Telegram ko X ki kwafi linkin fostin ɗin da na shafin mutumin don suna canza suna cikin minti ɗaya su ce ba su ba ne, idan guruf ne a rubuta sunan guruf ɗin da lambobin admin da lambar wanda ya fara jefawa. WhatsApp na da wurin da ake fitar da hira gaba ɗayanta a tura imel, ki yi hakan, ki tura wani imel da ke kaɗai kika san lambar sirrinsa. Idan ya turo lambar akawun ya ce a sa kuɗi, wannan lambar ta fi komai daraja a wajen masu bincike, saboda akawun a Najeriya yana haɗe da BVN ko NIN, ko ba nasa ba ne mai akawun ɗin zai yi bayanin wanda ya ara wa.

Ita wayar kanta a adana ta, kar a sayar, kar a yi mata filashin. Dalili shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya ce kafin kotu ta karɓi hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta sai an haɗa da takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro abin daga ciki da cewa tana aiki daidai a lokacin. Lauyan wanda ake tuhuma nan zai fara kai hari, ya ce sikirinshot kowa na iya haɗawa, amma idan asalin wayar na nan da saƙon a cikinta bakinsa ya mutu.

Sai dai akwai wuri ɗaya da wannan shawara ta canza. Idan wadda ke cikin bidiyon ba ta kai shekara 18 ba, iyaye da yayye dan Allah kar ku kwafi bidiyon ku tura wa kawu da gwaggo da sunan "ku gani da idonku", kar ku ajiye shi a wayoyinku. Sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya sa yaɗa irin wannan na yara ɗaurin da ya kai shekara 10 ko tarar da ta kai naira miliyan 20 ko duka biyun, ajiye shi kawai a waya ma laifi ne mai zaman kansa, har shekara 5 ko miliyan 10. A rubuta linki da lamba da lokaci, a ɗauki wayar yarinyar yadda take a kai wa hukuma. Kuma a nan babu maganar ai ita ta yarda, doka ba ta san yardar yaro a wannan ba.

Na biyu, kar a biya. Ko naira dubu biyar ya ce, ko ya rantse da Alƙur'ani zai goge a gabanki. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya gane akwai tsoro kuma akwai kuɗi, jibi zai dawo da sabon farashi, wani ma ba kuɗi yake so ba, cewa zai yi ki zo otal ko ki ƙaro wani bidiyon, nan kuma an ƙara masa makami ne. Kar ki zage shi, kar ki yi masa barazanar za ki turo masa 'yan daba don wannan sai ya juya ya zama hujja a kanki, ki bar shi ya yi ta rubutu kina ajiyewa. Idan an riga an biya ba komai, ba a makara ba, a ajiye rasit ɗin tiransifa, shi ma hujja ne.

Yanzu ga abin da doka ta ce, don in kin je gaban ɗan sanda kin san abin da kike nema ba a mayar da maganar "rigimar saurayi da budurwa ku je ku sasanta" ba.

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tarayya ce, tana aiki a Kubwa kamar yadda take aiki a Kano ko Fatakwal, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'unta. An yi mata gyara a 2024, wasu suka ɗauka an cire sashe na 24 gaba ɗaya saboda surutun da 'yan jarida suka yi a kansa, ba haka ba ne, an rage masa faɗi ne amma tura saƙon batsa ta waya ko intanet da gangan yana nan a ciki, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba ko duka. Wannan shi ne ke hawa kan mai fostin da mai turawa. Shi kuwa mai cewa ki ba ni kaza ko in tona miki asiri, nasa ya fi nauyi, ƙaramin sashe na biyu ya yi maganar barazanar ɓata sunan mutum don a tatse shi, shekara 5 ko tarar da ta fara daga miliyan 15 ko a haɗa masa duka, kuma lura, ko bai saki bidiyon ba barazanar kaɗai ta isa. In har barazanar ta kai ga sa mutum tsoron za a kashe shi ko a ji masa rauni ana maganar shekara 10 ne. Sannan sashe na 27 ya ce wanda ya taimaka ko ya zuga ko aka haɗa baki da shi hukuncinsa ɗaya da wanda ya aikata, to admin ɗin da ke cewa "wa ke da cikakken a sako mana" ya san inda ya tsaya.

Gaskiyar magana dokar tarayya ba ta ware wani sashe da sunan yaɗa tsiraicin mutum ba da yardarsa ba yadda Ingila ta yi tun 2015, ko yadda Amurka ta yi a 2025 da dokar da ta tilasta wa shafuka su sauke irin wannan cikin awa 48 in an kai ƙorafi. A ganina wannan giɓi ne babba da ya kamata 'yan majalisarmu su toshe, domin kiran abin "batsa" kawai yana sa a manta cewa akwai mutum da aka zalunta a ciki. Amma kar wannan ya karya miki gwiwa, masu gabatar da ƙara suna haɗa sassan da ke akwai ne su yi tuhuma da su, kuma suna kamawa.

Mu na Abuja muna da ƙari. Dokar VAPP ta 2015 mai hana cin zarafin mutane an yi ta ne don Babban Birnin Tarayya, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ce ke kula da aiwatar da ita, a ciki akwai laifin cin zarafi ta hanyar jefa mutum cikin ƙunci da tashin hankali, akwai tsoratarwa, akwai bibiyar mutum, akwai tilasta shi yin abin da zai cutar da shi. Abin da na fi so a dokar nan shi ne umarnin kariya, wato Babbar Kotun Abuja ta ba da oda a hana mutumin kiranki ko zuwa inda kike ko ci gaba da abin da yake yi, in ya karya a kama shi, kuma ba sai an gama shari'a ake samunsa ba. Sannan dokar ta hana a buga abin da zai bayyana ko su waye ke cikin shari'ar, wanda shi ne babban tsoron kowace mace, kar ta je neman haƙƙi sunanta ya ƙara yawo. Ga kuma kundin dokokin laifuka na Final Kod da ake aiki da shi a Abuja, shi ma yana da laifin tatsar kuɗi ta hanyar tsoratarwa da laifin barazana da na ɓata suna.

Wani abu da ke rikita mutane: da yawanmu a Abuja muke aiki amma a Mararaba ko Masaka ko Suleja muke kwana. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja jihar Neja, VAPP ta tarayya ba ta tsallaka can, jihohi da yawa sun yi tasu daban. Ita Dokar Laifukan Intanet ba ruwanta da wannan iyakar. To in za ki kai ƙara ki faɗi inda kike lokacin da saƙon ya shigo da inda kike zaton shi yake, su za su san inda ya dace.

Ina za a kai? 'Yan sanda suna da cibiya ta musamman ta laifukan intanet a nan Abuja, NPF-NCCC, ana iya zuwa da ƙafa ana kuma iya shigar da ƙorafi ta shafinsu, su ne suka fi sanin yadda ake bin lamba da akawun. NAPTIP hedikwatarsu na Wuse Zone 5, suna da gajeriyar lamba 627, in abin ya shafi tsohon miji ko saurayi ko yarinya ƙarama ni can zan fara ba da shawara don sun saba da irin waɗannan kuma suna da masu ba da shawara da kwantar da hankali. In harkar tatsar kuɗi ce ta gungun 'yan damfara EFCC a Jabi ma hurumin su ne. Caji ofis na unguwa ba laifi a fara da shi in abin na gaggawa ne, misali mutumin yana ƙofar gida, amma a nemi a tura fayil ɗin inda ake da kayan aikin binciken waya. Kar a yi jinkiri, doka ta ce kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgar saƙo na shekara 2 ne, kuma tun kafin nan mutumin na iya jefar da layi ya ɓace.

Ki tafi da takardar koke a rubuce, gajeriya, wane ne, me ya yi, yaushe, a wane shafi, me ya nema, a liƙa sikirinshot ɗin da aka buga a takarda amma a rufe wurin tsiraicin, a yi kwafi biyu a sa a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe. Kina da damar cewa mace kike so ta ɗauki bayaninki. Bidiyon kansa ba kowa ne a kanta zai ce a nuna masa ba, mai binciken da aka ba aikin shi kaɗai, kuma kar ki tura shi wayar wani jami'i ta WhatsApp, a karɓa ta hanyar da za a rubuta cewa an karɓa.

Kuma dan Allah a je da lauya, ko a ƙalla a yi magana da shi kafin a rubuta sitetimen. Na san abin da ke hana mata da yawa fita shi ne tsoron kar a juyo da maganar kansu, a ce ke me ya kai ki, musamman in ba aure a tsakani ko kuma da auren wani a kai, wannan tsoro ba na banza ba ne kuma lauya ne zai tsara bayanin ya tsaya kan laifin da aka zo kai wa, wato yaɗawa da barazana, ba tarihin rayuwarki ba. In babu kuɗi akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Abuja, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Maitama, duk ana zuwa ba tare da an biya kuɗin lauya ba.

Ana wannan kuma ana ƙoƙarin sauke bidiyon, ba sai an jira kotu ba. Bayan an gama tara hujja a yi rifot ɗin fostin ɗin a shafin, a zaɓi dalilin da ya ce hoton tsiraici ne da aka saka ba da izini ba, kar a zaɓi wani dalili daban don layin da ake bi ba ɗaya ba ne. Akwai wani shafi StopNCII.org da aka buɗe a 2021 don waɗanda suka kai 18, yadda yake aiki shi ne bidiyon ba ya barin wayarki, shafin zai ciro masa wata lamba ta musamman kamar zanen yatsa, lambar kaɗai ake tura wa Facebook da Instagram da TikTok da sauran waɗanda suka shiga tsarin, duk wanda ya zo ɗora wannan bidiyon sai a gane a tare. Ana iya yi tun ana matakin barazana kafin ma ya saki, kuma lokacin ne ya fi amfani. Na 'yan ƙasa da 18 sunansa Take It Down, kyauta ne shi ma. Google na da fom da ake cikewa a cire irin wannan daga sakamakon bincike. Inda matsalar take shi ne WhatsApp, saƙonninsa a kulle suke daga waya zuwa waya, wancan tsarin ba ya gani, nan sai dai rifot ɗin lambar da guruf ɗin, da kuma wasiƙar lauya zuwa ga admin cewa ya sauke ya kuma sanar da mambobi duk wanda ya ƙara turawa sunansa zai shiga takardar koke. Wannan wasiƙar tana aiki fiye da yadda ake zato, yawancin masu turawa jarumtarsu ta cikin guruf ce kawai.

Bayan shari'ar laifi akwai ta neman diyya, ita wannan ke ce mai ƙara ba gwamnati ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, na 34 ya kare mutuncinsa, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa abin da ya shafi rayuwar kwanciyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri kuma ta ba wanda aka cutar damar neman diyya a kotu. Mutane sun fi saurin cewa "zan yi ƙarar ɓata suna", to a sani in bidiyon na gaske ne wanda ake ƙara zai iya fakewa da cewa ai ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa hanyar keta sirri ta fi ƙarfi a nan. In kuwa haɗawa aka yi, aka ɗauki fuskarki aka ɗora a jikin wata da irin manhajojin AI ɗin nan, to ɓata suna ya zauna daram, a nemo asalin hoton da aka ciri fuskar a ajiye.

Samari ku ma ku ji. Wata "budurwa" ta turo maka saƙo a Instagram, kwana biyu ta ce a yi bidiyo kol, washegari sai ga hotonka tsirara da jerin sunayen 'yan uwanka da abokan aikinka, ana cewa ka biya ko a tura musu. Matakan ɗaya ne, kar ka biya, ka tara hujja, ka kai ƙara, ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. Masu yin wannan sana'a kuma su daina ganin nisa zai cece su, a 2023 an miƙa wasu 'yan uwa biyu daga Legas ga Amurka kan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan da ya kashe kansa bayan sun matsa masa, a 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi, a shekarar ce kuma kamfanin Meta ya ce ya rufe akawun kusan 63,000 na Instagram daga Najeriya kan wannan harka.

Maganar yaron nan ta sa dole in ce wa iyaye da yayye da mazaje wani abu. Ranar da abin ya fashe ba ranar duka da gori ba ce, ba ranar "kin kashe mu da ranmu" ba ce. A karɓe ta, kar a bar ta ita kaɗai a ɗaki, a samu wata ta kwana da ita, a riƙe mata wayar in saƙonni sun yi yawa amma kar a goge. Faɗa yana nan ba ya gudu, in ma akwai wanda za a yi. Addininmu da muke fakewa da shi wajen tsine mata shi ne ya yi kashedi mai tsanani a Suratun Nur ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, kuma hadisi ya sa mijin da ke fallasa sirrin kwanciyarsa da matarsa cikin mafi sharrin mutane, amma sai ka ga an bar wanda ya saki yana yawo a majalisa ana tafawa da shi ita kuma an hana ta fita ko ƙofar gida.

Za a zo da maganar sulhu, kusan kullum ana zuwa, iyayensa za su turo manya ko limamin unguwa a ce a rufa wa juna asiri. Ke ce mai zaɓi in kin kai shekaru, ba wanda zai tilasta miki ki ci gaba ko ki janye, amma in za a yi to a yi a gaban lauya, a rubuce, ya amsa abin da ya yi ya sa hannu, ya faɗi duk waɗanda ya tura wa, a duba wayarsa da imel ɗinsa da inda hotuna ke ajiye kansu a intanet da filashi da tsohuwar wayar da ke cikin durowa, don gogewa daga galari kaɗai ba ta nufin komai. Hujjojinki kuma suna nan ba a gogewa a matsayin sharaɗin sulhu. In yarinya ce ƙasa da 18 babu sulhu, a bar hukuma ta yi aikinta.

Kai kuma da ka riga ka tura kafin ka karanta wannan, ka koma yanzu ka goge wa kowa in lokacin bai wuce ba, WhatsApp na ba da kusan kwana biyu, ka sauke daga sitatus da duk shafin da ka ɗora, ka rubuta wa waɗanda ka tura wa cewa su goge kar su miƙa gaba. Kar ka kira yarinyar ko danginta kana roƙo ko kana tsoratarwa a janye, wannan ƙarin laifi ne. In an gayyace ka ofishin 'yan sanda ka je da lauya, ka faɗi daga wace lamba abin ya shigo maka da lokacin da ya shigo, da haka ake bin sawu har a kai ga wanda ya fara saki.